Jirgin ƙarƙashin ƙasa: inda waya ke zama tikiti, ta kuma zama shaida a kan mai ita

Duk mai shiga mota daga Gusau zuwa Tsafe ko Bunguɗu ya san kuɗin mota magana ce tsakanin mutum da mutum. Ɗan kamasho ya faɗi nasa, fasinja ya faɗi nasa. Idan canji ya gagara, a tura ta OPay ko Moniepoint, a nuna wa direba fuskar waya ya gani da idonsa. Idan kuɗin bai cika ba, akwai "don Allah a yi haƙuri", akwai kuma dattijon da ke gaban mota wanda zai sa baki. Ko a kan titi, in jami'in ZAROTA ya tsayar da ɗan kabu-kabu, akwai gaisuwa, akwai bayani, akwai fuskar da za a kalla.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa na manyan biranen duniya, abu na farko da ke tarar fasinja ƙofa ce ta ƙarfe da gilashi wadda ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Tana tambayar katinsa ko wayarsa, ta yanke hukunci cikin ƙasa da daƙiƙa guda, ta kuma rubuta abin da ya faru. Ɗan sanda ko mai duba tikiti yana zuwa ne daga baya, kuma sau da yawa abin da ƙofar ta rubuta shi ne abin da zai yi aiki da shi. Matasan Zamfara da ke zuwa Legas neman kuɗi, Alƙahira karatu, Saudiyya Umara ko Dubai saro kaya suna faɗawa cikin wannan tsari ba tare da wani ya yi musu bayaninsa ba, kuma kuskure a cikinsa yana da tsada.

Abin da ke faruwa idan aka ɗora waya a kan ƙofa

Fasahar da ke aikin ana kiranta NFC. Ita ce dai ke cikin katin banki mai ɗauke da ƴar alamar nan kamar ta Wi-Fi a kwance. Ba ta wuce tazarar ƴan santimita kaɗan, kuma katin ba shi da batir: na'urar ƙofar ce ke ba shi ɗan lantarkin da zai farka ya amsa.

Tsari iri biyu ne. Na farko shi ne katin hukumar sufuri ita kanta, irin Oyster da Landan ta fito da shi a 2003, ko Nol na Dubai, ko Cowry na Legas. Mutum ya loda kuɗi, a riƙa cira. Na biyu shi ne wanda ake amfani da katin banki kai tsaye, ko wayar da aka sa katin a cikinta. Landan ta fara karɓar wannan a jiragenta na ƙarƙashin ƙasa a 2014, New York ta bi da nata tsarin mai suna OMNY a 2019.

A nan akwai wani abu da zai ba mai amfani da POS mamaki. Ƙofar ba ta tsayawa jiran amsar banki. Da za ta jira kamar yadda na'urar mai shagon unguwa ke juyi tana neman sabis, da layin mutane ya fito har bakin titi. Abin da take yi shi ne ta tabbatar katin na gaske ne ta hanyar sa hannun sirri da ke cikinsa, ta duba ko yana cikin jerin katunan da aka toshe, sannan ta buɗe. A Landan sai bayan an gama zirga-zirgar yini ake haɗa lissafi a cire kuɗin. Idan banki ya ƙi biya, lambar katin ta shiga jerin waɗanda aka toshe, washegari ƙofa ta ƙi buɗewa har sai an biya bashin.

Abu na biyu ya fi kama baƙi. Waya ba ta ba ƙofa ainihin lambar katin banki. Tana ba ta wata lamba ce ta daban da aka ƙirƙira don wannan wayar kaɗai. Saboda haka a idon na'ura, katin roba da wayar da aka sa shi a ciki mutum biyu ne, ko da asusu ɗaya suke ci. A Landan, inda ake taɓawa a shiga a kuma taɓa a fita, wanda ya shiga da waya ya fita da kati ya bar tafiya biyu da ba a kammala ba, kuma kowacce za a iya cire masa kuɗi mafi tsada a kanta. A New York kuɗin shiga ɗaya ne ko ina za a je, amma rangwamen mako, wanda ke sa tafiya ta zama kyauta bayan an biya sau 12 cikin kwana bakwai, ba ya ƙirguwa sai da kati ɗaya ko waya ɗaya.

Sai maganar caji. Mai duba tikiti yana yawo da ƴar na'ura a hannu, ya ce a ɗora abin da aka shiga da shi. Idan waya ta mutu a cikin jirgi, babu abin ɗorawa, kuma hukumar sufurin Landan ta faɗa ƙarara cewa ana iya cin mutum tara a kan haka. iPhone daga XS zuwa sama tana ajiye ɗan caji da zai iya buɗe ƙofa na ƴan awanni bayan ta ɗauke, idan an saita katin sufuri tun da farko. Amma wayoyin da suka fi yawa a aljihun matasan Gusau, wato Tecno da Infinix da itel da Redmi, ba duka ke da NFC ba. Wani lokaci samfuri ɗaya yana da shi a wata ƙasa, babu shi a wata. Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga Settings a rubuta NFC a wurin bincike; in bai fito ba, babu shi. Ko yana nan, sai bankin mutum ya yarda a sa katinsa a manhajar biyan kuɗi, ya kuma yarda katin ya yi aiki a ƙasar waje. Ga mafi yawan matafiya daga nan, sayen katin hukumar a tasha ya fi kwanciyar hankali.

Rigasa, Idu da Marina

Zamfara ba baƙuwar jirgin ƙasa ba ce. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga. Amma matashin yau ya fi sanin dogon a matsayin ƙarfen da ake tsallakawa da ƙafa. Haɗuwarsa ta farko da tikitin waya galibi a tashar Rigasa ta Kaduna take, idan ya zaɓi ƙarasa tafiyar Abuja a jirgi.

An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a Yulin 2016, kuma da hanyar mota ta yi ƙaurin suna wajen garkuwa da mutane, tikitin ya zama haja. Ƴan bumburutu suka riƙa saye suna sayarwa da tsada. A Janairun 2021 aka ƙaddamar da sayar da tikiti ta intanet don a karya wannan kasuwa. Bayan harin 28 ga Maris 2022, jirgin ya tsaya wata takwas; da ya dawo a Disamba, sai aka ɗaure tikiti da lambar NIN. Ma'ana, tikitin ya tashi daga takardar da ke nuna an biya, ya koma bayani a kan waye ya hau, yaushe, daga ina. Ƙorafin cewa kujeru na ƙarewa da wuri a manhaja bai mutu ba, amma wanda ya sayi tikiti mai sunan wani yana iya rasa kuɗinsa da tafiyarsa gaba ɗaya a bakin ƙofa.

A Idu, inda jirgin Kaduna ke tsayawa, ana iya sauya sheƙa zuwa jirgin cikin birnin Abuja, wanda ke zuwa tsakiyar gari da filin jirgin sama. An ƙaddamar da shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka sake buɗe shi a 29 ga Mayu 2024. A Legas kuwa, Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a 4 ga Satumba 2023 tsakanin Marina da Mile 2, tafiyar kilomita 13 mai tashoshi biyar, sai Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo ya biyo baya a 2024, yana ratsa Agege inda Hausawa suka daɗe da zama. Babu ɗayansu da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, amma ɗabi'arsu ta jiragen birni ce: ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki, sai katin Cowry, wanda shi ne na motocin BRT. An hana ci da sha. Abin da ya fi muhimmanci, Blue Line da lantarki yake tafiya, kuma wutar tana bin gefen dogon ne. Al'adar tsallaka layin dogo da ƙafa ba ta da wurin zama a can, kuma ba tsoron tara ne dalili ba.

Wanda ke shakkar yadda Legas ke ɗaukar dokar sufuri ya tambayi ƴan'uwansa masu acaɓa. Daga 1 ga Yuni 2022 aka haramta babur na haya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, aka ce direba da fasinja duk masu laifi ne, aka kuma riƙa murƙushe baburan da aka kama a gaban kyamara.

Dala biyu da santi casa'in

Babu birnin da batun ƴan sanda da kuɗin jirgi ya yi zafi kamar New York. A 1990 William Bratton ya karɓi shugabancin ƴan sandan jiragen birnin, ya zo da ra'ayin cewa kama masu ƙananan laifuffuka, irin tsallake ƙofa ba biya, shi ke rage manya. Hujjarsa ita ce a cikin waɗanda aka kama ana samun waɗanda dama kotu ke nema, da masu ɗauke da makami. Tun daga lokacin ake gardama a kan wannan ra'ayi. Masu suka suna nuna cewa mafi yawan waɗanda ake kamawa baƙaƙen fata ne da ƴan asalin Latin Amurka daga unguwannin talakawa, har babbar lauyar jihar, Letitia James, ta buɗe bincike a kan haka a Janairun 2020.

Hukumar sufurin, MTA, ita ma tana da nata lissafin. Wani kwamiti da ta kafa ya ƙiyasta asarar kusan dala miliyan 690 a 2022 daga masu ƙin biyan kuɗin jirgi da bas da gadoji. Don haka aka ƙara ƴan sanda, aka ɗauki masu gadi su tsaya a ƙofofin gaggawa, a Maris 2024 kuma Gwamna Kathy Hochul ta tura sojojin jiha 750 tashoshi don binciken jakunkuna.

A al'ada kafin 2025, wanda aka kama takardar tara ta dala 100 ake ba shi, ba ɗaurin kurkuku ba. Amma tsayarwar ita kanta tana iya rikiɗewa. A 15 ga Satumba 2024, a tashar Sutter Avenue da ke Brooklyn, ƴan sanda suka bi wani mutum da ya shiga bai biya ba. Yana riƙe da wuƙa, ya ƙi yar da ita, suka buɗe wuta. Harsasai suka same shi, suka sami fasinja biyu da ba ruwansu, ɗaya a kai, suka kuma sami ɗan sanda guda. Kuɗin shiga a lokacin dala 2.90 ne. Rundunar ta ce wuƙar ce ta jawo harbin, ba kuɗin ba. Gaskiya ne, amma kuɗin ne ya fara haɗa su.

Landan ta bi wata hanya. Akwai rundunar ƴan sandan sufuri ta Birtaniya a tashoshi, amma yawancin aikin kama masu ƙin biya ma'aikatan hukumar TfL ne ke yinsa, kuma ba su ɗauke da bindiga. Tun Maris 2024 tarar ta koma fam 100, a rage zuwa 50 in an biya cikin kwana 21. Sai dai sauƙin na yaudara ne. Hukumar tana da manhajar da ke tace bayanan tafiye-tafiye tana neman abin da bai yi kama da gaskiya ba, misali katin rangwamen tsofaffi da ke fita aiki kullum da sassafe, ko wanda koyaushe ke shiga amma ba ya taɓa fita. Ba a kama irin wannan ranar farko. Ana barinsa ya tara watanni, sannan a jira shi a tashar da ya saba, da lissafin kowace tafiya. Amfani da katin rangwamen wani yana iya kai mutum kotu, kuma hukuncin kotu na iya bin ɗalibin da ke zaune da biza har wurin sabunta takardunsa. Aron katin aboki, wanda a gida ba a ɗauke shi komai ba, nan ne yake zama laifi mai tabo.

A ƙasashen Larabawa dokokin sun fi karkata ga ladabin zama. A Dubai, cin abinci ko tauna cingam a jirgi dirhami 100 ne, haka namijin da ya shiga ɓangaren mata da yara; shiga ba biya kuwa 200. Jirgin Alƙahira, wanda aka buɗe a 1987 kuma shi ne na farko a Afirka, yana da taragu na mata zalla a tsakiya, kuma tikitin da aka shiga da shi ana bukatarsa wajen fita, don haka ba a yar da shi. Riyad ta buɗe nata a Disamba 2024, layuka shida, jirage marasa direba, da taragun iyali daban da na maza su kaɗai. Sabon zuwa ya karanta alamar da ke ƙasan dandamali kafin ya shiga, don ita ce ke nuna taragun da zai tsaya a gabansa.

Idon da ba ya gyangyaɗi

Sabon abin shi ne kyamarori sun fara ƙirga da kansu. A 2023 aka gano cewa MTA na amfani da wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin Awaait na Barcelona a tashoshi bakwai, don ƙirga masu tsallake ƙofa. Hukumar ta ce ƙirga kawai take yi, ba ta tantance fuska. A Landan, daga Oktoba 2022 zuwa Satumba 2023, an gwada irin wannan a tashar Willesden Green, manhajar ta fitar da gargaɗi sama da 44,000. Takardun da mujallar Wired ta samo sun nuna yadda ta riƙa kuskure: yaro na bin mahaifiyarsa ta ƙofa, ta sa shi cikin masu ƙin biya. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san irin wannan. Na'ura tana ganin jiki biyu da taɓi ɗaya, ba ta san uwa da ɗa ba. Matsalar ita ce idan gargaɗin ya isa hannun mai kaki, shi ma yana iya ɗaukarsa a matsayin gaskiya.

Mosko ta wuce nan. Tun Oktoba 2021 ana iya biyan kuɗin jirgi da fuska kawai, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙi sun sha ba da rahoton tsare masu zanga-zanga a tashoshi bayan kyamara ta gane su.

Ko babu kyamara, tarihin tafiya kansa bayani ne mai nauyi: yana nuna unguwar mutum, lokacin fitarsa, wurin aikinsa, masallacin da yake Juma'a. A Agustan 2023 ƴan jaridar 404 Media suka nuna cewa a shafin OMNY, duk wanda ya san lambar katin bankin wani da ranar ƙarewarsa zai iya ganin tashoshin da ya shiga cikin mako, ba tare da kalmar sirri ba. MTA ta rufe wannan kafa bayan labarin ya fita. TfL kuwa tun Yulin 2019 take tattara siginar Wi-Fi na wayoyin da ke tashoshinta don auna cunkoso. Ta ce tana ɓoye shaidar mai wayar, kuma wanda ba ya so ya kashe Wi-Fi ɗinsa.

Idan sabis ya ɗauke fa?

Wannan tambaya ce da mutanen Zamfara suka fi mutanen Landan sanin nauyinta. A farkon Satumba 2021 aka kashe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da ƴan bindiga. Gusau ta yi kusan wata guda kafin a dawo mata da sabis, sauran ƙananan hukumomi suka fi haka daɗewa. POS ya tsaya, tura kuɗi ya tsaya, mutane suka riƙa fita jihohin maƙwabta don kiran waya kawai. Da a ce a lokacin shiga mota daga Tsafe zuwa Gusau sai da manhaja, da mara lafiya ya kwana a tasha.

Jiragen ƙarƙashin ƙasa sun warware wannan tun da daɗewa, domin a cikin rami aka gina su, inda sabis bai isa ba sai a ƴan shekarun nan. Shi ya sa Oyster ke ajiye lissafin kuɗin a jikin katin, shi ya sa ƙofa ke riƙe da jerin katunan da aka toshe a cikinta. Tikitin QR ma ana iya gina shi haka: a sa masa sa hannun sirri wanda na'urar mai dubawa za ta tantance ba tare da intanet ba, ta rubuta cewa an yi amfani da shi, ta aika rahoto idan sabis ya dawo. Abin da ya rage shi ne hana mutum biyu shiga da hoto ɗaya ta ƙofofi daban-daban, kuma ana rage wannan da ɗaure tikiti da kujera, da suna, da lokacin tashi.

Ana gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, aikin da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kuma da wuya tikitinsa ya koma na takarda zalla. Zai ratsa garuruwan da wasunsu suka ɗanɗani ɗaukewar sabis a 2021 ɗin nan. Masu rubuta manhajarsa za su yanke shawarar abin da na'ura za ta ce idan fasinja ya biya, kuɗi ya fita daga asusunsa, amma saƙon tabbatarwa bai iso ba, ko fuskar wayarsa ta tsage QR ya ƙi karantuwa. A wannan lokacin jami'in da ke bakin ƙofa zai duba na'urarsa ne kafin ya dubi fasinjan, kuma in ba a tanadi wata hanyar tantancewa ba, kamar lambar tikiti da za a iya bugawa da hannu ko neman suna a jerin da aka sauke tun safe, jan rubutu kawai zai gani.